Lagwani Huɗu

Ranar Juma'a da hantsi masunta biyu suka hango wani abu shuɗi maƙale a tsakiyar gaɓar dutsen da ke ƙarƙashin cocin Ayos Mamas, hankaki na shawagi a kansa. Kafin rana ta take an sauka da igiya an ɗauko gawa. Baƙuwata ce, Birgit, 'yar ƙasar Denmark, malamar makaranta da ta ajiye aiki, mai shekara sittin da ɗaya. Ɗaki na uku na ba ta, mai kallon teku.

Ranar Talata da sassafe ta fita daga masaukina da jaka a baya da sanda ɗaya a hannu cikin biyun da ta zo da su. Ta ce hutunta ke nan, za ta zagaye tsibirinmu Agriliya da ƙafa, ta kwana biyu a ƙauyen da ke ɗaya ƙarshen tsibirin. Shi ya sa ban neme ta ba. Na faɗa wa ɗan sanda haka, na faɗa wa Fada, limamin cocinmu, na faɗa wa kaina ya fi sau ɗari, har yau bai yi mini maganin komai ba.

Likita ta duba ta a ɗakin ajiye kifi, don nan kaɗai muke da ƙanƙara. Ta fito tana goge hannu, ta ce faɗuwar ba ita ta kashe ta ba. Ƙugu ne ya karye. Ƙishirwa ce ta ƙarasa ta, wajen ranar Alhamis. Kwana biyu ke nan tana kwance a rana, teku a ƙasanta, da usur rataye a wuyanta.

Waɗanda suka sauka da igiyar su suka kawo sauran labarin. Jajayen ɗigon fentin nan da masu yawon ƙafa ke bi a kan duwatsu sun bar turbar gaskiya, sun karkata zuwa tsohuwar hanyar awaki da ta zabtare shekara shida da suka wuce. Wani ne ya kai ta can.

Mu ɗari biyu da 'yan kai ne a tsibirin nan, kowa ɗan'uwan kowa, in ba ta jini ba to ta ruwan baftisma. Saboda haka ba a ɓata minti goma ana tunani ba. Mai shafa fentin turba Astrit ne, mai alfadari, mutumin Albaniya. Shekara ashirin da biyu yana hau mana matakala da siminti da tulun gas, 'ya'yansa mata biyu a nan aka haife su, amma ko yau ka tambayi sunansa sai a ce maka "Ba'albanen nan". Aka je gidansa, aka sami ɗayar sandar Birgit jingine a bayan ƙofa. Kafin Sajan Paraskebas ya gama ɗaure igiyar takalmi, maza biyar sun danne hannun Astrit na dama a kan dakalin gidansa, sun sauke masa dutse a kai, a gaban matarsa da 'ya'yansa. Na san su biyar ɗin. Kullum ni ke zuba musu kofi.

Sajan ya kulle shi a ɗakin ajiya na ofis, ya ce jirgin ruwan Litinin zai tafi da shi babban tsibiri wurin mai gabatar da ƙara. Duk mun san yadda ake yi da baƙo marar kowa a can. In ya shiga jirgin nan, sai 'ya'yansa sun yi furfura kafin su sake ganinsa a waje.

Na je na ce wa Sajan a gabana Birgit ta ba Astrit sandar ranar Litinin ya gyara mata, don makullin da ke riƙe tsawonta ya lalace.

"Uwar gida," in ji shi, "gari duka ya faɗi abu ɗaya, ke kaɗai kin faɗi wani. In rubuta naki in bar na gari?"

Na koma na ci gaba da wanke kofuna. Ƙarshen jarumtata ke nan.

*

Asabar da safe na fito na tarar da Kawu Zannis tsugune a bakin shukar furannina. Makiyayin awaki ne, ya ba saba'in baya, kuma shi ne mai bin sawunmu. Akuyar sata, tsohon da ya rikice ya fita, matar da ta ce coci ta je alhali ba can ta je ba, duk shi ke gano su. Saboda na ƙarshen nan ba kowa ke son ya zauna kusa da shi a wurin biki ba.

"Wannan sawun takalminta ne?"

"Ina kwana dai, Kawu."

"Kwana ya wuce. Nata ne?"

Na ce nata ne, nan ta taka tana shinshinar fure. Ya auna da tafin hannu, ya miƙe gwiwoyinsa na ƙara.

"Sa takalmin kirki ki biyo ni, Maruso."

"Ni? Ina da baƙi shida da ke neman jirgin gudu."

"To ba su da bukatarki ke nan."

Muka fara da ofis. Ta tagar baya muka yi magana da Astrit. Yana zaune a kan buhun lemun ƙasa, hannun naɗe da tawul, tawul ɗin ya koma baƙi.

"Yaushe ka shafa wa turbar Mamas fenti?" in ji Kawu Zannis.

"Kafin Ista. Gwangwanin ya ƙare tun lokacin, ba a aiko da wani ba."

"Wa ya taɓa ce maka ka karkatar da hanyar?"

Astrit ya dube ni, ya mayar da kai ƙasa.

"Mutane da yawa ba sa son masu yawo, Kawu."

"Ban tambaye ka mutane ba. Suna."

"Lefteris mai zuma." Ya gyara tawul ɗin hannunsa. "Da wasu."

"Su wa?"

"Matata da 'ya'yana suna waje, ni ina ciki. Hannu ɗaya ya rage mini."

Na ɗauka kunya ce ta sa ya kasa haɗa ido da ni. Allah ya sani, a lokacin ko a mafarki ban kawo komai ba.

*

Awa ɗaya muna hawa. Kawu Zannis ba ya magana in yana tafiya, ba ya kuma kallon teku, ƙasa kawai yake kallo kamar wanda ya yar da allura. A inda turba ta rabu biyu ya tsaya. Ta dama ita ce ta gaskiya, wadda ta ratsa ta lambun mahaifiyata, ta shiga ta wata ƙofa ta fita ta wata. Ta hagu ita ce ta awaki.

Ya nuna mini wani ɗan gurbi a gefen ta dama. Ƙasar ciki baƙa, da fararen saiwoyi, ƙwari na kai da kawo. Gaba kaɗan wani, gaba kuma wani. Shida ya ƙirga. Sannan muka bi ta hagu, ya riƙa taɓa duwatsun masu jan ɗigo da bakin sandarsa, kowanne na motsi.

"Fentin tsoho ne. Ba shafawa aka yi ba, ɗauko su aka yi daga can aka jera a nan. Ke, in kina da gwangwanin fenti da buroshi, za ki tsaya ɗaukar dutse?"

"Wataƙila don kada a gane shi ne."

"Wataƙila." Ya nuna wani ja-ja a ƙasa. "A buhu aka jawo su, ɗaya bayan ɗaya. Dubi nan, ciyawa ta kwanta. Nan ma. Duk taki ashirin sai mai jan ya zauna ya huta. Astrit buhun siminti biyu yake saɓawa a kafaɗa. Wannan kuwa dutse kamar burodi ya gagare shi."

Nan take zuciyata ta tafi kan Lefteris. Huhu ɗaya gare shi tun aikin da aka yi masa, ga shi bara ya harba bindiga sama don wasu Jamusawa sun matsa kusa da amyoyinsa. Muka same shi a sama da turbar, yana busa wa ƙudan zuma hayaƙi.

"In saboda Ba'albanen nan ne kuka hau, kun yi asarar gumi," in ji shi.

"Ka taɓa ce masa ya canja hanya?"

"Na ce. Zan kuma ce wa wanda za a ɗauka bayansa. Su zo daga ƙarshen duniya da guntun wando su tsaya a bakin amyata suna ɗaukar hoto, ƙuda ya harbe su a ce laifina?"

Kawu Zannis ba fuskarsa yake kallo ba, ƙafarsa yake kallo.

"Ƙafa kamar kwale-kwale. Ba kai ba ne. Amma daga nan ana jin gaɓa. Ka ji wani abu?"

Lefteris ya gyara hular ragarsa.

"Na ji usur. Laraba. Uku-uku, a yi shiru, a sake uku-uku. Alhamis da safe ma na ji, amma a hankali."

"Ba ka je ba?"

"In je ina? Su ba su da aiki sai bushe-bushe da ihu a kan duwatsu. Ni ina cire zuma."

Na buɗe baki in zage shi, sai na tuna ni ma ranar Laraba labule nake wankewa a ɗakinta, ina jin daɗin ba ta dawo da wuri ba.

*

Da muka sauko na ce mu leƙa Inna, tunda ga mu a bakin ƙofarta. Kawu Zannis ya biyo ni.

Mahaifiyata, Ebdokiya, shekararta saba'in da takwas, sha tara daga ciki da baƙaƙen kaya, tun ranar da teku ta cinye ƙanena Nikitas. Ta ƙi saukowa gari ta zauna da ni. Ta ce wa zai shayar da lemun Nikitas? Bishiya bakwai ya dasa mata a shekarar da ya mutu. Bara da kaka wasu masu yawo suka wuce suka bar ƙofar lambun a buɗe, awaki suka shiga suka ɓare musu bawo tun daga tushe. Duk bakwai ɗin sun bushe. Har yau tana zuba musu ruwa.

Muka same ta tana ɓarar wake a inuwa. Ta kawo mana cuku da zaitun.

"Yaya Ebdokiya, yaya bayan?" in ji Kawu Zannis. Ita ta riƙe masa 'yarsa a wurin baftisma, shekara arba'in ba su taɓa sa-in-sa ba.

"Yana nan yadda ka bar shi. Kwanan nan ma ya riƙe."

"Kin ga wani a mararrabar nan farkon mako?"

"Na ga Ba'albanen nan ranar Litinin da yamma, da gwangwani a hannu. Na riga na faɗa wa Markos." Markos shi ne shugaban ƙauyenmu, ɗan wanta, kuma shi ya ɗaga dutsen da aka sauke wa Astrit.

"Usur fa? Kin ji?"

"Kunnen nan ya mutu tun bara, Zannis. Sai an yi mini ihu."

Muka ci cuku. Can nesa, bayan tudu, wata ƙararrawa ta yi ƙara sau biyu, ni da ƙyar na ji ta.

"Ga jar akuyar nan taka ta sake barin garke," in ji Inna, ba ta ko ɗaga kai daga waken ba. "Ka ɗaure ta kafin ta shigo mini."

Kawu Zannis ya ajiye ƙwallon zaitun a gefen faranti a hankali, ya yi godiya, ya miƙe. Ni kuma na tuna ranar Laraba Inna ta sauko gari ta kawo mini ƙwai goma, ta ci kifi ta siɗe yatsu, ta tambaye ni, "Baƙuwar taki ta dawo?" Na kori tunanin kamar yadda ake korar ƙuda.

*

Hanyar awakin ta yi kwana a bayan wani dutse, daga nan ba komai sai iska. Kawu Zannis ya nuna mini sawun Birgit, manyan taki na mai tafiya da ƙarfin gwiwa, da inda tsakuwa ta zame da ita. A gefe, kan wani faffaɗan dutse mai ƙura inda ake iya leƙa ƙasa, akwai wani sawun. Ƙarami, na takalmin yadi, diddigen hagu ya cinye.

"Sau uku ya zo," in ji shi. "Wannan ya fi tsufa, iskar Talata ta share gefensa. Wannan na bayansa ya taka shi. Kowane zuwa ya tsaya a nan, ƙafa biyu a haɗe, ya daɗe. Sannan ya juya ya nufi coci."

Rabin tsofaffin matan Agriliya irin takalmin nan suke sawa. Haka na ce masa, ya ce gaskiya ne.

Cocin Ayos Mamas ɗaki ɗaya ne, mutum shida sun cika shi. Na gidanmu ne, kakana ya gina, Inna ke share shi. Na ɗauko makulli a ƙarƙashin dutsen da aka saba, muka shiga.

Fitilar waliyyi Mamas, mai cocin, tana inda take, gaban hotonsa. Ranar Asabar kawai ake kunna ta. Amma a kan tagar da ke kallon gaɓa akwai wata, tambulan da ruwa a ƙasa, mai a sama, wuta na ci. Fitilar mamaci. Daga ranar da rai ya fita ake kunna ta, kullum sabon lagwani, har kwana arba'in, don ya ga hanya. Lagwanin da ya ƙone kuwa ba a yar da shi a shara. Tarawa ake yi a faranti, ranar arba'in a ƙone su tare.

Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, duk tsiyar Inna da masu yawo, ta ji labari jiya ta tausaya wa baƙuwar da ba ta da kowa a nan. Da lagwanin na gane aikinta ne: kowa yanzu lagwanin kanti yake saye, mai ɗan totuwa. Inna ce kaɗai har yau take tsinko busasshen ƙoƙon furen lumini, ta cusa ɗaya cikin ɗaya, biyu-biyu, ta kifa a kan mai. Ni ta koya wa tsinkarsa tun ina da shekara shida.

Sai idona ya sauka kan farantin.

Jiya Juma'a aka gano gawar. Ya kamata in ga lagwani ɗaya a faranti, na jiya, da na yau yana ci. Huɗu na gani, jere, har yanzu da danshin mai. Juma'a, Alhamis, Laraba, Talata.

Kawu Zannis ya ce zai duba akuyarsa, ya fita. Ba zan yi muku ƙarya ba, tunda na fara. Na kwashe uku na dunƙule a hannu. Na san abin da nake yi, na san wa zai shiga jirgin Litinin in na yi, na kuma yi.

"Mayar da su, Maruso," in ji shi daga bakin ƙofa, bayansa ya ba ni. "Tun jiya da yamma na ƙirga su."

"To me ya sa ka jawo ni nan?"

"Don kada ki fara ji a bakin gari."

"Uwata ce, Kawu."

"Na sani. Astrit ma uban 'ya'ya biyu ne."

Na mayar. Ya naɗe farantin a cikin hankicinsa ya sa a aljihu.

*

Lahadi bayan an fito daga sujada gari ya taru a shagon kofina, kamar kullum, sai dai wannan karon Kawu Zannis ya sa Sajan ya zo da Astrit. Aka zaunar da shi kusa da ƙofa, kujerun da ke gefensa suka zama babu kowa. Matarsa Drita ta tsaya a waje, rana na dukanta. Inna na zaune a kujerarta ta kowace Lahadi, da gurasar coci a cinya.

Kawu Zannis bai iya doguwar magana ba. Ya faɗi zancen gurabe shida da buhu da wuraren hutu. Ya ce sandar gyara aka ba Astrit, Maruso shaida ce. Ya ce Lefteris bai taɓa dutse ba, usur kawai ya ji kwana biyu yana cire zuma. Wani ya yi tsaki, Lefteris ya ce duk wanda bai taɓa jin usur ya share ba ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga.

Sannan ya kwance hankicin a kan tebur, ya faɗi inda ya samo farantin, ya ƙirga kwanakin da yatsa. Ba wanda ya bukaci ƙarin bayani sai Sajan, don shi ɗan birni ne. Fada ya yi masa a kunne.

"Maruso," in ji Sajan, "cocin gidanku ne. Lagwanin wa ne wannan?"

Na kalli tukunyar kofi. Na ji idon Astrit a gefen fuskata, ban juya ba.

Markos ya miƙe. Ba wawa ba ne, ya gane tun kafin a gama ƙirga.

"Makullin cocin a ƙarƙashin dutse yake, kowa ya sani," in ji shi. "Waye zai kunna wa matar nan fitila tun Talata in ba wanda ya san abin da aka yi mata ba? Matar Ba'albanen nan ce. Mijinta ya gaya mata, tsoro ya kama ta, ta je ta kunna. Sun daɗe a cikinmu, sun kwaikwayi komai."

Kawuna suka fara gyaɗawa. Na ga sauƙi na sauka a fuskoki ɗaya bayan ɗaya, har Sajan ya zaro biro. A raina na ce shi ke nan, an gama, kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

"Wa?" in ji Inna.

"Gwaggo, ki bari..."

"Wa ka ce ta kunna? Waccan?" Ta nuna Drita da haɓa. "Matar da ko ruwan baftisma bai taɓa goshinta ba ta shiga cocin ubana ta kunna fitila? Ta san inda lumini ke fitowa? Ta san biyu-biyu ake haɗawa? Man da ke cikin tambulan ɗin na matsar farko ne, daga tuluna. Kwana shida ina hawa da bayan nan, ko rana ɗaya ban fasa ba, sannan ka tashi a gaban Fada ka ba wata ladan?"



"Yaya Ebdokiya," in ji Kawu Zannis, "duwatsun fa?"

"Na roƙi wancan sau uku ya kawar mini da hanyar daga lambuna, ya ce ta hukuma ce. To na kawar da kaina. Mai hankali in ya ga hanya ta yanke juyawa yake yi. Ita sama take kallo."

"Da kika ji ta?"

"Na leƙa. Ta gan ni. Ta yi ta magana da yarensu, tana ɗaga hannu."

"Me ya hana ki kira mutane?"

"Su zo su ga duwatsun? Bayana ya riƙe, ban iya mayar da su ba." Ta gutsuri gurasar cocin. "Na ga yadda ƙafarta ta juya, na san ba mai tashi ba ce. Na yi mata abin da ake yi wa Kirista. Nikitas ɗina ko gawarsa ban samu ba, ita kuwa ta sami fitila tun ranar farko."

Sajan ya kwance wa Astrit ankwa daga hannun hagu. Ba wanda ya dube shi, balle a ba shi haƙuri. Idon kowa na kan Kawu Zannis.

"Ka ji daɗi yanzu?" in ji Markos. "Ita fa ta riƙe maka 'yarka a gaban Allah."

Kwana tara bayan haka aka tsinci karen Kawu Zannis a bakin rijiya, bakinsa da kumfa. Bai bi sawun ba. Ya ce ya san takalmin.

*

Jirgin Litinin da Inna ya tafi. Mata suka raka ta har bakin ruwa suna kuka, suna cusa mata cuku da burodi a jaka. Da ta zo hawa ta damƙi hannuna.

"Saura kwana talatin da huɗu. Lumini na cikin kwalbar da ke bayan hoton waliyyi. Kada ki bari ta mutu."

A jirgin nan 'yar Birgit ta sauko, Lene, doguwa kamar uwarta. Abin da aka gaya mata a waya kawai uwarta ta faɗi, ana bincike. Na ba ta ɗaki na biyar. Ta ce tana so ta ga wurin, amma gwiwarta ba ta iya hawa. Alfadari ɗaya ne a tsibirin.

Astrit ya zo Talata da safe, hannun cikin filasta. Likita ta ce yatsun ba za su sake dunƙulewa ba. Drita ta riga ta fara ɗaure kaya, don tun Lahadi ba wanda ya amsa gaisuwarsu. Ya ja linzami da hagu, Lene a sama, ni a baya. A mararraba ya tsaya ya ture duwatsun nan shida da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, suka gangara.

Lene ta daɗe a bakin gaɓar. Sannan ta shiga coci, ta ga tambulan a kan taga, wutar da na sabunta da asuba tana ci. Ta tambaye ni da Turanci ta mece ce. Na ce ta mamaci ce, don ya ga hanya.

"Ta mamata?" Idonta ya cika. "Ba ku ma san ta ba. Wa ya kunna?"

Astrit na jingine a bakin ƙofa. Yana jin Turanci fiye da ni, masu yawo sun koya masa. Da yarenmu ya yi magana, muryarsa ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Gaya mata mana, Maruso. Gaya mata kwana nawa fitilar ta yi tana ci kafin uwarta ta mutu."

Lene ta dube shi, ta dube ni, tana jiran fassara.

"Ya ce al'adarmu ce," na ce mata.

Ta kama hannuna biyu ta sumbata, hannun da na dunƙule lagwani uku a ciki. Ta ce in gode wa duk wadda ta yi wannan, ba za ta taɓa mantawa da mutanen tsibirin nan ba. Na san za ta ji komai a kotu, kuma za ta tuna wannan safiyar.

Astrit ya tofar da yawu a gefen ƙofa, ya je ya gyara wa alfadarinsa sirdi. Man ya yi ƙasa a tambulan, sai na ɗauko kwalba na ƙara.